Jirage biyu a titi ɗaya: laifin na hasumiya ne ko na matuƙi?

Abu Sadiq:
Salam jama'a. Wa ya san labarin abin da ya faru a filin jirgin Austin na jihar Texas ran 4 ga Fabrairun 2023? Da sassafe ne ga hazo ya rufe ko'ina, jirgin kaya na FedEx ya taho zai sauka an riga an ba shi izini, saura kamar mil 3 ya taɓa ƙasa sai mutumin hasumiyar da ke ba jirage izinin sauka da tashi ya ce wa jirgin Southwest mai ɗauke da mutum 128 ya hau wannan titin ɗin dai ya tashi. Shi a tunaninsa kafin wancan ya iso wannan ya ɗaga. Su kuma 'yan Southwest suka ɗan tsaya suna ɗumama inji saboda sanyi. Mataimakin matuƙin FedEx ne ya hango inuwar jirgi a cikin hazon suka fasa sauka suka ƙara wuta suka yi sama, ta kansa suka wuce, tazarar ba ta wuce ƙafa 150 zuwa 170 ba. Tambayata ita ce mutumin da ya yi wannan me ya kamata a yi masa?

Ɗan Fagge:
Kora kawai. Kora sannan kotu. Mutum 128 fa, wlh ko mai bada hannu a shataletale ya saki motoci ta ɓangare biyu lokaci ɗaya ai ranar zai ajiye kaki balle wannan

Maman Hanif:
Innalillahi. Ku dan Allah ku daina kawo irin wannan, ni da nake shirin Umra 😭

Nura Houston:
Hajiya ki kwantar da hankalinki hhh. Amma gsky 2023 ɗin nan mu da muke nan kullum sai ka ji sabo a labarai. Kafin na Austin da kamar sati uku an yi a JFK na New York, jirgin American babba mai zuwa Landan ya ratsa titin da jirgin Delta ke gudu a kai zai tashi, mutumin hasumiya ya dinga ihu a rediyo Delta ya taka birki. Daga baya har taron gaggawa hukumar kula da jiragen saman Amurka ta FAA ta kira a watan Maris.

Ɗan Fagge:
Ka gani ko. Duk sakacin 'yan hasumiya ne

Nura Houston:
A'a malam karanta da kyau, a na JFK matuƙan American ne suka ratsa inda ba a ce su ratsa ba, na hasumiyar shi ya ceci mutane

Baban Ilham:
Wa'alaikumus salam. Ni na yi wannan aikin na hasumiya har na yi ritaya, to bari in sa baki. Ɗan Fagge misalinka na mai bada hannu bai zauna ba, shi yana ganin motocin da idonsa kuma in ya ɗaga hannu mota tana iya tsayawa cak. Jirgin da ke sama ba ya tsayawa. Sannan a Austin ranar mutumin ba ya ganin titin jirgin sam, hazo ya rufe gilashin hasumiya, kuma filin ba shi da radar ƙasa wadda ke nuna inda kowane jirgi yake a kan titi. Wato da kunne kaɗai yake aiki. Ya yi kuskure, ba wanda ya ce bai yi ba, hukumar bincike ta NTSB ma ta faɗa cewa ya ɗauka jirgin zai tashi da wuri alhali bai tabbatar ba. Amma ku haɗa shi da na JFK da Nura ya kawo. A can akwai wannan radar, sunanta ASDE-X, ita ta yi ƙara a hasumiya shi ya sa mutumin ya ankara cikin daƙiƙa. Filaye 35 ne kacal a duk Amurka ke da ita a lokacin, Austin ba ya ciki duk da yadda garin ya cika ya batse. To in ka kori mutumin ka kawo wani ka zaunar da shi a kujerar nan cikin hazon nan ba na'ura, me ka gyara?

Ɗan Fagge:
Baba da girmanka amma wannan kare abokan aiki ne kawai. In ba ka gani me zai sa ka ce wa jirgi ya hau titi? Ka jira ɗayan ya sauka mana, minti nawa ne

Baban Ilham:
Nan kam ka yi gaskiya ɗana, abin da ya kamata ya yi kenan. A hazo ba a matse jirage haka. Amma ka san me ke sa mutum ya matse? Sabo. Kullum in gari ya yi garau mil 3 tana isa, ya yi sau dubu ba abin da ya faru, kuma akwai layin jirage kowa na ƙona mai yana jiranka. Ranar da yanayi ya canza hannunka bai canza ba. Shi ya sa binciken ya taɓo har horon da ake ba su kan aiki cikin hazo, don a Austin ba kasafai ake samunsa ba.

Injiniya Bash:
Ni abin da ban gane ba, ba akwai na'ura a cikin jirgin kansa da ke hana karo ba? TCAS. Me take yi duk lokacin nan

Baban Ilham:
Tana nan Injiniya, amma aikinta a sama ne. In jirage biyu suka doshi juna na'urorin suna magana da junansu, ɗaya ta ce wa nata matuƙin hau, ɗayar ta ce sauka. Amma da jirgi ya sauko ƙasa da kamar ƙafa 1,000 an toshe mata bada wannan umarnin da gangan, don ba za ka ce wa jirgin da ke dab da ƙasa ya ƙara nutsawa ba. A kan titi kuwa ba ta da amfani. To wurin sauka da tashi inda cunkoson yake nan ne kuma ba ta taɓuka komai.

Injiniya Bash:
Toh fa. Kenan nan ido da kunne ne kawai

Ɗan Damagaram:
Sannunku. Tunda an ambaci TCAS, Baba ka ba su labarin na Jamus mana, 2002. Shi ne amsar Ɗan Fagge da ke neman a hukunta mutum guda.

Baban Ilham:
Na garin Überlingen. Wannan duk wanda ya yi aikin nan ya san shi. Daren 1 ga Yuli 2002, jirgin Rasha ɗauke da yara 'yan makaranta za su hutu Sifen, da jirgin kaya na DHL. Sararin wajen hasumiyar Zurich ce ke kula da shi duk da a kan Jamus ne. Mutum ɗaya ne a bakin aiki, Peter Nielsen, yana kula da tebur biyu, abokin aikinsa ya je ya kwanta kuma kamfanin ya san ana haka shekara da shekaru ya kau da kai. A daren ana gyaran na'ura, an kashe abin da ke gargaɗin karo a allonsa, layin waya ma ba ya aiki. Wani ma'aikaci a Karlsruhe ya ga abin a nasa allon ya yi ta kira waya ba ta shiga. Da Nielsen ya farga ya ce wa na Rasha ya sauko, TCAS kuma ta ce masa ya hau, ta ce wa DHL ya sauko. Na Rasha ya bi maganar mutum, DHL ya bi na'ura, duk biyun suka sauko tare suka yi karo. Mutum 71 suka mutu. Tun daga nan aka ƙarfafa doka, in na'urar ta yi magana ita za ka bi ko da hasumiya ta ce akasin haka.

Ɗan Damagaram:
Kuma a 2004 wani ɗan Rasha Vitaly Kaloyev da matarsa da 'ya'yansa biyu suka mutu a ciki ya bi Nielsen har gida ya daɓa masa wuƙa ya kashe shi. Sai a 2007 kotu ta samu wasu ma'aikatan kamfanin Skyguide da Nielsen ke yi wa aiki su huɗu da laifi, akasarinsu manyan da ke sama.

Ɗan Fagge:
Subhanallah. Ni ban ce a kashe kowa ba fa

Ɗan Damagaram:
Ba mu ce ka ce ba ɗan uwa, amma ka ga inda yatsa ya fara nunawa da inda kotu ta ƙare

Maman Hanif:
Yara kuma 😭 Allah ya isa wlh. Mutum ɗaya cikin dare da rayukan mutane a hannunsa, ko a asibiti ai ba a barin nas ɗaya

Nura Houston:
Hajiya ai wannan matsalar ta mutum ɗaya har yanzu ita ce a nan. Ƙarancin ma'aikata ne, ana maganar kusan mutum 3,000 suka rasa. Da yawansu kwana shida suke yi a sati awa goma goma. Kuma ba aikin da za ka ɗauko mutum yau gobe ya fara ba ne, sai ka nema kafin ka kai shekara 31, ka je makarantarsu a Oklahoma, sannan ka yi shekara biyu uku kana koyo a filin da aka tura ka wasu ma su faɗi a hanya, kuma kana kai 56 dole ka ajiye. Wasu na cewa tun 1981 da Reagan ya kori sama da mutum 11,000 da suka shiga yajin aiki abin ya rikice, don an ɗebi sabbi a lokaci ɗaya suka kuma zo ritaya a lokaci ɗaya. Ga siyasa, duk sanda aka rufe gwamnati saboda rikicin kasafi su dole su zo aiki ba albashi, na 2019 kwana 35 aka yi.

Abu Sadiq:
Amurka guda?? Ni na ɗauka irin wannan sai mu

Nura Houston:
Hhhh zo ka gani. A Afrilun 2025 masu kula da jiragen Newark allonsu ya ɗauke rediyo ya ɗauke kusan daƙiƙa 90, jirage na sama ba mai ganinsu ba mai jinsu. Wasu daga cikin ma'aikatan hutu suka ɗauka saboda firgita. Wayoyin tagulla na tun da can ake amfani da su a lokacin.

Baban Ilham:
Gajiyar nan ita mutane ba sa ganewa. Akwai wani jadawali da suke yi a can, yamma biyu, safiya biyu, sannan a ranar safiyar ƙarshe ka koma gida ka dawo aikin dare. A Lexington 2006 jirgin Comair ya hau gajeren titin da ba nasa ba ya faɗi mutum 49 suka rasu, laifin matuƙa ne, amma mutumin hasumiya shi kaɗai ne, barcin awa biyu ya yi, ya bada izini ya juya yana cike takardu. Da su biyu ne wataƙila wani ya ɗaga kai. Sai 2024 FAA ta ce dole a ba su hutun awa 10 tsakanin aiki da aiki, 12 kafin na dare.

Ɗan Fagge:
To naji. Amma kullum ku ce tsari tsari, kenan ba mai laifi? Haka ake lalata ƙasa ai, kowa ya ce ba shi ba ne

Injiniya Bash:
Ni ma nan ina tare da Ɗan Fagge kaɗan. In mutum ya san ba abin da za a yi masa ai zai saki jiki

Baban Ilham:
Akwai bambanci tsakanin kuskure da ganganci. Wanda ya zo aiki a buge ko ya kunna fim a waya ko ya ƙi bin doka da saninsa, a kore shi ni zan fara sa hannu. Amma wanda ya yi lissafi ya kuskure, in ka ɗaure shi gobe duk wanda ya yi ƙaramin kuskure zai binne. Kuma mu da waɗannan ƙananan muke gane inda ramin yake. Shi ya sa tun 1976 a Amurka akwai inda matuƙi ko ma'aikacin hasumiya zai kai rahoton kansa a asirce, kuma NASA aka ba riƙon wajen ba FAA ba, don kada mai hukunci ya zama shi ne mai karɓar rahoto. Ana cire mutum daga kujera, a gwada shi, a sake horar da shi, wani ba ya dawowa. Ba wai ana shafa masa kai ba ne.

Injiniya Bash:
Amma Baba tara rahoton ma in ba a karanta ba fa? Dubi na Washington

Baban Ilham:
Yauwa, nan ka kama ni, kuma nan ne ni nake ganin ya kamata fushin Ɗan Fagge ya tafi. 29 ga Janairun 2025, jirgin American Eagle daga Wichita zai sauka a filin Reagan, helikwaftan soja Black Hawk ya shige shi a kan kogin Potomac, mutum 67 ba wanda ya fita. An shata wa helikwafta hanya ta ƙarƙashin inda jirage ke saukowa, ƙa'ida kar ya wuce ƙafa 200, karon ya faru wajen ƙafa 300. Mutum ɗaya ne ke riƙe da jirage da helikwaftoci a lokacin. Ya tambayi na cikin helikwaftan kun ga jirgin, suka ce sun gani za su kauce da kansu, har sau biyu. Da aka zo bincike aka buɗe bayanan da ke ajiye sai ga sama da sau 15,000 da jirgi da helikwafta suka matso kusa da juna a wajen cikin shekara uku da 'yan watanni. Bayanan na nan, ba wanda ya zauna ya ce wannan hanyar a rufe ta sai da aka mutu. Wanda ya bar wannan hanyar a taswira ba ya cikin hasumiya a daren.

Abu Sadiq:
Wai da gaske ne ba su ji umarnin ƙarshe ba?

Baban Ilham:
Masu bincike sun ce da alama wajen da ya ce su bi ta bayan jirgin bai shiga kunnensu ba saboda sun danna makirfo a daidai lokacin. Rediyon jirgi haka yake, mutum biyu suka danna tare sai ƙara kawai. Kuma wannan ciwon tun hatsarin tsibirin Tenerife na Sifen yake, 1977, jumbo biyu KLM da Pan Am a titi ɗaya cikin hazo, mutum 583, har yau ba a yi wanda ya kai shi ba. Kyaftin ɗin KLM ya ɗauka an sallame shi ya saki birki. Hasumiya na cewa ya dakata, Pan Am na cewa muna kan titi fa, maganganun biyu suka haɗu suka zama ƙara. Daga nan aka gyara yadda ake magana gaba ɗaya, kalmar tashi ba a furta ta sai wajen bada izinin ko soke shi, kuma duk umarni sai matuƙi ya maimaita maka ka ji da kunnenka.

Ɗan Damagaram:
Maimaitawar ma wani lokaci ba ta ceto. Haneda ta Tokyo Janairun 2024, an ce wa ƙaramin jirgin masu tsaron teku ya je bakin titi ya jira, ya maimaita daidai, sannan ya shige titin ya tsaya. Japan Airlines ya sauko a kansa. Mutum 379 na babban jirgin duk sun fita kafin ya ƙone, biyar cikin shida na ƙaramin suka mutu, kayan agajin girgizar ƙasa za su kai.

Maman Hanif:
Duk 379?? Ikon Allah. Mu da a nan ne wani sai ya tsaya ɗauko jakarsa

Nura Houston:
😂 Hajiya ai abin da aka yaba musu kenan ba wanda ya ɗauki kaya

Abu Sadiq:
Baba mu a nan gida an taɓa samun irin wannan kuwa?

Baban Ilham:
An yi. Jirgin kamfanin ADC, 7 ga Nuwamban 1996, daga Fatakwal zuwa Legas. An bar shi ya doshi wani jirgin da ya taso daga Legas, na'ura ta yi gargaɗi, matuƙin ya karkata da ƙarfi don ya kauce jirgin ya kife ya faɗa ruwa wajen Ejirin. Mutum 144 har da Farfesa Claude Ake. Rahoton ya ɗora tushen abin kan yadda aka raba jiragen daga ƙasa. Abin mamaki bayan kwana biyar aka yi na Indiya kusa da Delhi, jumbon Saudiyya da jirgin Kazakhstan suka yi karo a sama mutum 349, shi kuma na Kazakhstan ne ya sauko ƙasa da inda aka ce ya tsaya, kuma radar Delhi ta lokacin ba ta nuna tsayin jirgi.

Ɗan Damagaram:
Mu a wajenmu hukumar ASECNA ce ke riƙe da sama, Nijar da Chadi da Kamaru da sauransu, lakwal ɗinsu ma, wato makarantar horo, tana Yamai kamar yadda taku take Zariya. A Satumban 2022 da suka shiga yajin aiki ai kun ga yadda jirage suka tsaya cak daga Dakar har Duwala. Ranar mutane suka san akwai su.

Maman Hanif:
To ni yanzu ku faɗa min gaskiya. Wata tafiya da muka yi har mun ga rufin gidaje taya ta fito sai jirgin ya yi wani irin ƙugi ya koma sama, mata sai salati, ba wanda ya ce mana komai sai can direban ya ce wai akwai jirgi a kan titi. Kenan mun kusa mutuwa??

Baban Ilham:
A'a Hajiya. Wannan fasa sauka ne, kullum ana yi a manyan filaye, wataƙila na gabanku ne bai gama fita daga titi ba aka ce ku zagayo. Shirun da kika ji kuma hannunsu ne a cike, sai sun daidaita jirgi sun yi magana da hasumiya sannan su waiwayi fasinja. Matuƙin da ke fasawa shi nake so ya ɗauke ni. A San Francisco 2017 Air Canada cikin dare ya saiti hanyar gefe maimakon titin sauka, jirage huɗu na jere a kai da mutum sama da 1,000, wani matuƙin United da ke ƙasa ne ya yi magana a rediyo yana tambayar ina wannan ya nufa. Sun sauko har kusan ƙafa 60 kafin su ɗaga. Kyaftin ɗin ya fi awa 19 idonsa biyu.

Ɗan Fagge:
Shi ma tsari ne ko 😏

Baban Ilham:
Shi ma Kanada ta canza dokar awannin aikin matuƙa bayan nan, sai ka faɗa min. Kuma muryar cikin jirgin ba a same ta ba don na'urar awa biyu take riƙewa ta goge, haka ma na American a JFK. Yanzu an yi doka sabbin jirage awa 25.

Ɗan Fagge:
Ni dai har yanzu na Austin bai kwanta min ba. A Mumbai 2024 da IndiGo ya sauka Air India na tashi a titi ɗaya ai nan take aka cire mutumin daga aiki, ba wani dogon turanci

Injiniya Bash:
Cirewa daga jadawali aka yi kafin bincike malam, wannan ko'ina haka ake yi Baba ya faɗa ɗazu. Ba kora ba ce

Ɗan Fagge:
To a fara da hakan dai

Nura Houston:
Austin ɗin ma an sa musu na'urar ganin jirage a ƙasa a 2024, wata mai araha da ke karɓar siginar da jiragen ke fitarwa da kansu. Hajiya in za ki yanki tikiti ki yanka kawai, ki dai bar jaka in an ce a fita

Maman Hanif:
Jakar da fasfo ɗina ke ciki? Sai dai in rataya ta a wuya tun daga gida